Yadda zafin rana ke haifar da ruwan ƙanƙara, da ɓarnar da yake bari a rufin gida

Da yammacin Asabar 13 ga watan Yunin 2020, hadari ya haɗu a saman birnin Kalgari da ke lardin Albata, a yammacin ƙasar Kanada. Lokacin bazararsu ne, 'yan watannin da mutanen wannan ƙasa mai tsananin sanyi ke samun damar ajiye manyan riguna su fita shan iska. Abin da hadarin ya zubo musu curi-curin ƙanƙara ne, wasu sun kai girman lemun zaƙi, iska na wurgo su a karkace kamar da majajjawa.

Unguwannin arewa maso gabashin birnin ne suka fi shan wuya. Falankin robar da ake lulluɓe bangon gidaje da shi ya yi kaca-kaca, gilasan tagogi da na motoci suka tarwatse, ƙanƙara ta toshe magudanan ruwa har tituna suka cika. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasar ta ce an shigar da buƙatun diyya sama da 70,000, kuma kuɗin sun doshi dalar Kanada biliyan 1.2.

Bayan shekara huɗu, ranar 5 ga Agustan 2024, abin ya sake dawowa, kuma wannan karon ya fi muni. Rufin wani ɓangare na filin jirgin saman birnin ya huje ruwa na zuba a kan fasinjoji, kamfanin WestJet ya ajiye jiragensa 16 domin gyara. Masu neman diyya sun haura 130,000, ƙiyasin farko na asarar kuma ya kai kusan dalar Kanada biliyan 2.8.

Yuni da Agusta, duka a tsakiyar lokacin zafi. Wanda ya girma a Arewacin Najeriya ko Kudancin Nijar ma ya san haka abin yake a nan. Ba a taɓa ganin ruwan ƙanƙara da hunturu, lokacin da ake rawar ɗari ana jin wuta. Sai rana ta gasa mutane, gumi ya hana barci, ana tsakanin ƙarshen bazara da farkon damina, sannan wata rana da la'asar a ji kwano ya ɗauki ƙara kamar ana juye masa tsakuwa, yara su fita da gudu suna tsinta suna tsotsa.

To ta yaya ƙanƙara za ta fito daga rana mafi zafi?

Sama kullum a daskare take

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, zafin da ake ji a ƙasa bai da nisa. Duk kilomita ɗaya da aka hau sama, zafin iska na raguwa da kusan digiri 6 da rabi a ma'aunin Selshiyos. Ke nan ranar da gari ke fama da digiri 35, a tazarar kilomita 5 zuwa 6 sama da kan mutane an riga an kai inda ruwa ke daskarewa. Babban gajimaren hadari kuwa ƙoƙuwarsa kan kai kilomita 12 zuwa 16, inda sanyi ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili. Firjin yana nan a buɗe rani da damina. Abin da ake buƙata kawai shi ne wanda zai ɗauki ruwa ya kai can, ya kuma riƙe shi ya daɗe.

Wannan aikin zafi ne ke yin sa. Idan rana ta dafa ƙasa, ƙasar sai ta ɗumama iskar da ke kwance a kanta. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi rashin nauyi, don haka sai ta tashi sama, kamar yadda hayaƙin murhu ke yi. Idan tana ɗauke da danshi, da ta hau ta huce sai tururin da ke cikinta ya koma ɗigo-ɗigon ruwa, irin wanda ake gani a murfin tukunya. Wannan komawar da tururi ke yi ruwa tana sakin zafi, zafin kuma ya ƙara wa iskar ƙarfin hawa. Haka abin ke ciyar da kansa har a samu ginshiƙin iska mai gudu sama da tsananin sauri a tsakiyar gajimare.

Da hunturu ƙasa ba ta da wannan zafin, iskar kuma a bushe take. A ƙasashen sanyi abin da ke sauka a lokacin dusar ƙanƙara ce, mai laushi kamar auduga, wadda ke haɗuwa a hankali cikin gajimare marar hayaniya. Ita da ruwan ƙanƙara suna ne kawai ya haɗa su. Shi ya sa ma aka fi samun ruwan ƙanƙara daga la'asar zuwa farkon dare, bayan ƙasa ta yini tana tara zafi.

Yadda curin ke girma

Akwai wani abin mamaki game da ruwan da ke cikin gajimare: yana iya wuce sanyin daskarewa bai daskare ba. Ƙananan ɗigon ruwa masu tsabta kan zauna a ruwansu har kusan digiri 40 ƙasa da sifili, muddin ba su samu abin da za su manne wa ba. Da zarar sun taɓa wani abu mai tauri, ko ƙwayar ƙura ta musamman ko ɗan ɓurɓushin ƙanƙara, nan take sai su ƙame a jikinsa.

Daga nan curi ke farawa, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero. Iskar da ke hawa ta riƙe shi a sama, miliyoyin ɗigon ruwan nan masu tsananin sanyi suna ta karo da shi suna daskarewa a kansa. Ya fi saurin girma a yankin da sanyi ke tsakanin digiri 10 zuwa 30 ƙasa da sifili. Sai ya kai faɗin milimita 5 masana yanayi ke kiran sa ƙanƙarar hadari.

Wanda ya tsinci babban curi ya raba shi biyu da wuƙa zai ga da'ira-da'ira kamar albasa, wata fara, wata garau kamar gilashi. Farar ta samu ne inda ruwan ya daskare nan take, ya kulle ƙananan kumfan iska a ciki. Ta garau ɗin kuwa a inda ruwa ya yi yawa ne, ya malale a jikin curin ya daskare a hankali har kumfan suka samu damar ficewa. A da ana koyar da cewa kowace da'ira shaida ce ta zagaye ɗaya da curin ya yi, ya hau ya sauko. Binciken baya-bayan nan ya nuna ba dole sai ya yi ta kai-komo ba. Ratsa ginshiƙin iskar daga wannan gefe zuwa wancan ma kan sa ya bi ta wurare masu bambancin ruwa da sanyi.

Curin zai ci gaba da ƙaruwa har nauyinsa ya fi ƙarfin iskar, ko kuma ya kauce daga inda take da ƙarfi, sai ya faɗo. Saboda haka girman ƙanƙara ma'auni ne na ƙarfin hadarin da ya haife ta. Kafin a riƙe curi mai girman ƙwan kaza a sama, sai iskar na hawa da gudun kusan kilomita 100 a awa ɗaya. Mai girman babban lemo kuwa yana buƙatar wajen kilomita 160.

Akwai kuma sharaɗin da ke raba hadari mai zubar da tsakuwa da mai zubar da duwatsu. Idan iskar sama da ta ƙasa sun bambanta a gudu da alƙibla, ginshiƙin nan sai ya ɗan karkace, ruwan da ke zuba ya sauka a gefe maimakon ya danne shi ya kashe shi. Irin wannan hadari kan rayu sa'o'i, wani lokaci har ya riƙa juyawa kamar guguwa. Shi ne ke ba curi lokacin da zai ƙoshi.

Dalilin da wasu garuruwa suka fi shan ta

Yawancin manyan hadarurruka suna da ƙanƙara a cikinsu. Abin da ke faruwa shi ne tana narkewa a hanya, ta iso ƙasa a matsayin manyan ɗigon ruwa masu sanyi. A garuruwan bakin teku irin su Legas, iska mai ɗumi da danshi tana da kauri sosai, tafiyar curin a cikinta na da tsawo, da wuya ya iso da sauransa.

A kan tudu lissafin ya sauya, domin ƙasa ta matso kusa da inda sanyi yake. Kalgari tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,000, a gabashin duwatsun Roki, waɗanda ke taimakawa wajen tunkuɗa iska sama da haɗa mai danshi da busasshiya. Yankin ya yi ƙaurin suna da ƙanƙara a duk faɗin Kanada. Kericho, garin gonakin shayi a Kenya mai tsayin kusan mita 2,000, yana cikin wuraren da suka fi samun ta a duniya duk da yana dab da tsakiyar duniya: kimanin kwana 50 a shekara. Wannan ne kuma ya sa mutanen Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, da na tsaunin Mambila suka fi na sauran sassan Najeriya sanin ta.

A filayen Arewa kuwa farkon damina ne lokacinta. Ƙasa na kan ganiyar zafi, danshi ya fara shigowa daga kudu, amma can sama akwai sauran busasshiyar iskar rani. Busasshiyar iska na sanyaya abin da ke faɗowa ta cikinta, ta rage masa narkewa. Idan damina ta kankama a watan Agusta, sama ta cika da danshi, gari ya yi sanyi, sai ƙanƙarar ta yi wuyar gani.

Mafi munin tarihi ma a irin wannan lokaci aka same shi. Ranar 30 ga Afrilun 1888 ƙanƙara ta kashe mutum 246 a yankin Moradabad na Indiya. Ranar 14 ga Afrilun 1986 aka samu curi mai nauyin kilo 1.02 a Gopalganj ta Bangaladesh, a hadarin da ya hallaka mutum 92. Afrilu a can shi ne tsananin zafin da ke gabatar damina. A Amurka, curin da ya fi kowane faɗi ya sauka ne a ƙauyen Vivian na jihar Dakota ta Kudu ranar 23 ga Yulin 2010, santimita 20, kusan girman ƙwallon raga.

Ninki biyu a ido, ninki 16 a kan rufi

Mutane kan raina bambancin da ke tsakanin ƙanƙara mai girman gurjiya da mai girman ƙwai. Idan faɗin curi ya ninka sau biyu, nauyinsa ninkawa yake sau takwas, gudun faɗowarsa kuma ya ƙaru. In aka haɗa biyun, ƙarfin dukan da yake yi ya ninka kusan sau 16. Ƙananan da ba su kai santimita 2 da rabi ba suna saukowa da gudun da bai wuce kilomita 40 a awa ba. Sukan yayyaga ganyen shuka amma rufi mai lafiya na jure musu. Daga santimita 5 zuwa 10, gudun na tsakanin kilomita 70 zuwa 115. Idan iska mai ƙarfi ta shigo ciki, sai ta ƙara musu gudu ta kuma karkatar da su zuwa bango da taga, kamar yadda aka gani a Kalgari.

Mafi yawan gidajen Kalgari, kamar na sauran Amurka ta Arewa, an rufe su ne da wasu falle-falle na zare da aka jiƙa da kwalta, aka barbaɗa musu ƙananan tsakuwa a sama. Tsakuwar nan ce ke kare kwaltar daga rana. Ƙanƙara na kankare ta, ta kuma daddanna fallen har zaren ciki ya tsage ba tare da an ga huji ba. Mai gida ya leƙa daga ƙasa ya ga rufinsa lafiya lau. Rana ta ci gaba da cin wurin da aka tone, sanyi ya buɗa tsagar, sai bayan watanni, wani lokaci shekara, tabon ruwa ya bayyana a silin.

Ba a nan kaɗai ɓarnar ke ɓuya ba. Rufin da aka fi sani a ƙasar Hausa ma haka yake, kowane da irin nasa raunin.

Kwano yana lotsewa. Lotsawar ita kaɗai sau da yawa muni ce kawai, ba ta kawo yoyo. Matsalar tana wurare uku. Na farko tsohon kwanon da tsatsa ta riga ta cinye, wanda duka ɗaya ke hudawa. Na biyu mahaɗa, inda falle ya hau kan falle: idan bakin ya lanƙwashe, ruwan da iska ke korawa zai samu hanya. Na uku wurin ƙusa. Girgizar duka na sassauta ta, tana fasa ɗan zoben robar da ke ƙarƙashin kanta, musamman idan rana ta riga ta busar da shi. A kwano mai fenti, inda fentin ya tsage nan tsatsa za ta fara, kuma kowane lotso ƙaramin tafki ne da ke riƙe ruwa da ƙura. Kwano mai arha, wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba, shi ke fara bayar da kai. Kuɗin da aka rage wajen saye a nan ake biyan su.

Rufin asbestos da na tayil ɗin yumɓu ba sa lotsewa, tsagewa suke, kuma tsagar kan yi siriri kamar gashi.

Soro kuwa wata hanyar daban ake bi a kayar da shi. Ƙanƙara na farfasa yaɓen sama, makuba ce ko siminti, amma babbar illar ita ce tarin da take yi a bakin indararo ta toshe shi. Ruwa ya rasa mafita, ya kwanta a cikin rawani, ya bi tsagogin ya jiƙa ƙasar. Jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyi ne a kan azara, kuma idan gara ta riga ta taɓa azarar, ɗakin na iya tsayawa har sai ruwan Agusta ya zo ya ƙarasa shi. A lokacin babu mai tuna ƙanƙarar watan Mayu. Jinka, duk da raina ta da ake yi, ta fi su iya shanye duka saboda taushinta.

Yanzu kuma an samu sabon baƙo a saman gidaje: farantin sola. Gwajin da aka saba yi masa kafin a fitar da shi kasuwa shi ne a harba masa curin ƙanƙara mai faɗin milimita 25 da gudun kusan kilomita 83 a awa. Abin da ya wuce haka ba a yi alƙawari ba. Ko gilashin bai fashe ba, ƙwayoyin da ke ciki na iya samun ƙananan tsagogi, sai dai a lura batir ya daina cika kamar da. Wanda ya fashe kuma kada a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, domin yana ci gaba da samar da wuta.

Wani abin da ya kamata a rarrabe: rufin da aka wayi gari an tsince shi a gidan maƙwabci, aikin iska ne. Sai dai ƙanƙara na da hannu a ciki. Narkewarta na sanyaya iskar da ke cikin hadari, ta yi nauyi ta rikito ƙasa da ƙarfi ta bazu. Idan kuma ta fasa taga, iska ta samu ƙofar shiga ɗaki, sai ta tura rufin daga ciki yayin da ta waje ke jan sa sama.

Bayan hadari ya wuce

Lokacin da take zuba babu abin yi sai fakewa, nesa da taga, ba kuma a gindin bishiya ba saboda tsawa. Wanda ta rutsa da shi a fili ya kare kansa da duk abin da ya samu, ko da kwanon awo ne. Dabbobi ma a kora su rumfa.

Dubawa sai rufi ya bushe. Kafin a kafa tsani, jikin mota, indararo da farantin tauraron ɗan'adam za su faɗi girman abin da ya sauka. In sun lotsa, rufi ma ya ji jiki. A fara da ɓangaren da iska ta fito, wanda a Arewa galibi gabas ne. Mai silin ya leƙa ta ciki da rana tsaka, duk inda haske ke shigowa ruwa ma zai shigo. Mai soro ya share bakin indararo, ya cike tsagogi kafin ruwa na gaba. Ɗaukar hoto da waya a ranar yana da amfani ga ɗan haya da zai yi magana da mai gida, da kuma 'yan tsirarun da ke da inshora. Mafi yawan magidanta a nan ba su da ita, don haka ƙusa goma da kafinta zai sauya a watan Mayu sun fi sauƙi a kan silin da katakon da za a sake a watan Satumba.

Kalgari, da take da kuɗi da masana, ta gwada hanyoyi biyu. A 1996 kamfanonin inshora suka fara ɗaukar nauyin jiragen da ke tashi su tari hadari a lardin Albata, suna fesa masa wani sinadari na azurfa da aidin. Dabarar ita ce a yawaita 'ya'yan ƙanƙara a cikin gajimare, su yi rububin ruwan da ke akwai, kowanne ya samu kaɗan, su sauko ƙanana. Har yanzu masana na jayayya kan yawan tasirin wannan aiki, don babu yadda za a san abin da hadari zai yi da ba a taɓa shi ba.

Hanya ta biyu ita ce ƙarfafa rufin kansa. A can ana gwada kayan rufi ta hanyar sako musu ƙwallon ƙarfe daga sama, kuma kafin falle ya samu daraja ta huɗu, mafi girma, sai ya jure ƙwallo mai faɗin santimita 5 daga tsayin mita 6 bai tsage ba. A 2021 hukumar birnin ta fara bai wa magidanta tallafin dalar Kanada 3,000 idan suka sa irin wannan rufi. Masu nema suka fi kuɗin da aka ware yawa, aka rufe shirin a 2022, shekara biyu kafin hadarin 5 ga Agusta.